Yawon buɗe ido a birnin Roma: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu shirin zuwa Roma, babban birnin Italiya, suka fi yi: ɗalibin da ya samu hutu, ɗan kasuwar da kwana biyu suka rage masa kafin jirginsa, ko mai zuwa ziyarar ibada. Kuɗin shiga da lokutan buɗewa kan canja, don haka a leƙa shafin kowane wuri kafin a kama hanya.

Kwana nawa za su ishi mutum?

Kwana uku cikakku su ne mafi ƙaranci idan ba so kake ka dawo da hotuna da ciwon ƙafa kawai ba. Rana ɗaya ga kufan tsohon birni, wato Kolosiyom (katafaren filin wasan Rumawan dā) da Forum (tsohon dandalin mulkinsu) da tudun Palatino. Rana ɗaya ga Batikan, fadar Fafaroma. Ta uku kuma ka bar ta ga tsakiyar gari, ka yi ta takawa daga dandali zuwa dandali ba tare da agogo yana kora ka ba. Wannan ranar ce mutane suka fi yankewa idan lokaci ya ƙure, alhali ita ce ta fi daɗi, kuma kusan duk abin da ke cikinta kyauta ne. Roma na da majami'u fiye da 900. Babu wanda ke gama ta, don haka tun daga gida ka cire ran gamawa, ka zaɓi abu biyu ko uku a yini ka tsaya ka kalle su sosai.

Wannan Roma ita ce ta Rumawan da ke cikin Suratur Rum?

Tushe ɗaya ne, amma ba gari ɗaya ba. Bisa ga tarihin da mutanen garin ke bayarwa, an kafa Roma a shekara ta 753 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Daga baya daular ta rabu biyu. Ɓangaren yamma, inda Roma take, ya rasa sarkinsa na ƙarshe a shekara ta 476. Ɓangaren gabas ya ci gaba, hedkwatarsa tana Ƙusɗanɗiniyya, wato Istanbul ta yau, kuma su ne Rumawan da suka gwabza da Farisa a zamanin Manzon Allah (SAW). A lokacin, Roma ta riga ta ragu ƙwarai, mutanenta suna zaune a tsakanin manyan gine-ginen da kakanninsu suka bari.

Yaya ake shiga Kolosiyom, kuma ya cancanci wahalar layin?

Ya cancanta, amma layin ba dole ba ne. Sayi tikiti ta intanet a shafin hukumar wurin tun da sauran kwanaki. Ana rubuta sunanka a kai tare da lokacin shiga, kuma a ƙofa ana iya neman fasfo don a tabbatar kai ne. Tikitin ya haɗa da Forum da Palatino. Ranar Lahadin farko ta kowane wata shiga kyauta ce, sai dai cunkoson ranar ya fi kuɗin tikitin ciwo.

Sarki Vespasiano ne ya fara ginin wajen shekara ta 72, ɗansa Tito ya buɗe shi a shekara ta 80. Tsayinsa ya kai mita 48, kuma yana ɗaukar 'yan kallo kimanin 50,000. Kafin ka shiga, ɗaga kai ka dubi saman ƙofofin ɓangaren arewa: har yanzu ana ganin lambobin da aka sassaƙa a kansu. Ƙofofi 80 ne, kowane ɗan kallo da ƙofarsa da wurin zamansa gwargwadon matsayinsa. 'Yan majalisa a ƙasa dab da fili, talakawa da mata can sama. Za ka kuma lura jikin bangon duk ramuka ne. Ba harsashi ba ne. Ƙarafan da aka ɗaure duwatsun da su ne mutanen baya suka haƙe suka narkar. Ɓangaren kudu kuwa girgizar ƙasa ta 1349 ce ta rushe shi, aka yi ta kwasar duwatsunsa ana gina fadoji da majami'u.

A ciki, abin da ya fi ɗaukar ido shi ne ɗakuna da lungunan da ke ƙarƙashin filin. Dā katako ne a kansu, an zuba yashi don ya shanye jini. A nan ake tsare zakuna da damisa da sauran namun dajin da akasari aka kamo daga Arewacin Afirka, a ɗago su da injin igiya su ɓullo tsakiyar fili. Wuri ne da aka kashe mutane don nishaɗi, kuma kyan gininsa bai kamata ya mantar da kai wannan ba. Saukowa ƙarƙashin yana buƙatar tikiti na musamman, shi ne kuma ke fara ƙarewa.

Kada ka rubuta sunanka a bango, ko da da makulli ne. Laifi ne mai tara mai nauyi, har da yiwuwar ɗauri.

Forum ɗin ba tarin duwatsu ba ne kawai?

Ga wanda ya faɗa ciki kai tsaye da tsakar rana, haka yake zama. Dabarar ita ce ka fara kallonsa daga sama. Hau tudun Campidoglio, ka zagaya bayan ginin majalisar birni, akwai wurin tsayawa da za ka ga kwarin gaba ɗaya ba tare da ka biya ko kwabo ba. Daga nan za ka gane fasalinsa: ga hanyar da ta ratsa tsakiya, ga ginin majalisar dattawa na jan bulo wanda har yanzu yake tsaye, ga ginshiƙan gidajen bauta. Nan ne kasuwa da kotu da filin siyasar daular.

Idan ka sauka, nemi abu uku. Ƙofar nasara ta Tito, wadda a cikinta aka sassaƙa sojoji ɗauke da kayan da suka kwaso daga haikalin Ƙudus a shekara ta 70. Ƙofar Septimiyus Seberus ta shekara ta 203. Sai wani ɗan tudun ƙasa a ƙarƙashin rumfa, inda aka ƙona gawar Yuliyus Kaisar, wanda har yau mutane ke ajiye furanni a kai. Kisan nasa dai, a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, ba a nan aka yi shi ba. Can ne a wurin da ake kira Largo di Torre Argentina, wanda yanzu kuliyoyi suka mayar gida.

Bayan faɗuwar daular, ƙasa ta binne wurin har ya zama makiyaya. Ɗaruruwan shekaru sunansa filin shanu.

Me ya sa kufan suke can ƙasa da titi?

Saboda garin hawa ya yi ta yi a kan kansa. Ambaliyar kogin Tiber, gobara, rushewar gini da shara, duk ba a kwashe su, sai a daidaita a sake gini a kai. Wanda ya san yadda tsofaffin gidajen cikin birnin Kano suke nutsewa ƙasa da lungu ya san abin, sai dai na Roma ya kai mita da yawa.

Wurin da ya fi nuna haka shi ne majami'ar San Clemente, 'yar tafiya kaɗan daga Kolosiyom, kuma a ganina ta fi wurare da dama da suka fi ta suna. Ta sama an gina ta a ƙarni na 12. Ka sauka matakala, sai ga wata majami'ar ta ƙarni na 4 da zanenta a bango. Ka sake sauka, sai ga gine-ginen ƙarni na 1, da wani ɗan ɗaki mai dakali biyu inda masu bautar gunkin Mitra ke taruwa a dā. A can ƙasa iskar sanyi ce, kuma za ka ji ƙarar ruwa yana gudu ta cikin tsohuwar magudana. Wanda ya shiga nan a ranarsa ta farko, sauran garin zai fi yi masa sauƙin karantawa.

Idan wuri ɗaya kawai zan iya shiga fa?

Panteyon, tsohon gidan bautar Rumawa. An gina shi zamanin Sarki Hadriyan wajen shekara ta 125, duk da cewa sunan Agrippa, wanda ya gina na farko a wurin, shi ne rubuce a goshinsa. Faɗin ƙubbarsa mita 43.3 ne, daidai da tsayinta daga daɓe, kuma har yau ita ce ƙubbar kankare mafi girma a duniya da ba ta da rodi a ciki. Maginan sun yi kaurin bango a ƙasa, suna hawa suna sirantawa, suna kuma sauya tsakuwa zuwa dutse mara nauyi. A tsakiya suka bar rami mai faɗin kusan mita 9, shi ne tagar ginin kaɗai. Idan ana ruwa yana shigowa, kuma daɓen yana da ƙananan ramukan da ke janye shi.

Abin da ya cece shi daga masu kwasar dutse shi ne mayar da shi majami'a a shekara ta 609. A ciki aka binne mai zane Raffaello da sarakunan Italiya biyu. Tun Yulin 2023 ake biyan kuɗin shiga.

Ni Musulmi ne. Za a bar ni in shiga majami'u?

Ba wanda zai tambaye ka addininka a ƙofa. Dangane da hukuncin shigar kuwa, malamai sun yi saɓani, musamman saboda mutum-mutumi da hotuna, don haka wannan tsakaninka da malaminka ne. Wanda bai natsu ba yana da abin kallo a waje da zai ishe shi.

Ga mai shiga, ƙa'idar sutura ita ce a rufe kafaɗa da gwiwa, mace da namiji. Mai kaftani ko abaya da hijabi ba shi da matsala ko kaɗan; masu gajeren wando ake mayarwa. Abu ɗaya ne ya saɓa da al'adarmu: namiji cire hula yake yi idan ya shiga, takalmi kuma ba a cirewa. A yi magana ƙasa-ƙasa, kuma idan ana cikin ibada a dakata da yawo da ɗaukar hoto. Ƙananan majami'u da yawa kan rufe da tsakar rana su sake buɗewa da la'asar.

Batikan wata ƙasa ce daban? Sai da wata bizar?

Ƙasa ce mai cin gashin kanta tun yarjejeniyar Lateran ta 1929, girmanta hekta 44, amma da ƙafa ake shiga dandalinta ba tare da kowa ya buga maka hatimi ba. Abu biyu ne mutane ke haɗawa alhali ƙofofinsu daban. Majami'ar Waliyyi Bitrus kyauta ce, layin binciken tsaro ne kawai, kuma da sassafe ba shi da tsawo. An fara gininta a 1506, aka keɓe ta a 1626. Hawa ƙubbarta ana biya: matakala 551 ne, ko 320 idan ka fara da lif, kuma can sama hanyar tana matsewa tana karkacewa. Mai ciwon gwiwa ko mai tsoron matsatsi ya haƙura.

Gidajen tarihin Batikan kuma ƙofarsu tana can gefen ganuwa, tafiyar kusan kwata ɗin awa, kuma ta nan ake isa ɗakin Sistina wanda Michelangelo ya zana rufinsa tsakanin 1508 da 1512. Ba a ɗaukar hoto a ɗakin. Sayi tikiti tun da wuri. A rufe suke ranar Lahadi, ban da ta ƙarshen wata da ake shiga kyauta.

Mai son ganin Fafaroma, idan yana gari yakan gana da jama'a ranar Laraba da safe, ranar Lahadi kuma da ƙarfe 12 na rana yakan yi jawabi ta taga.

Bayan ta Waliyyi Bitrus, waɗanne majami'u kuma?

Mutane da yawa ba su san cewa kujerar Fafaroma a matsayinsa na bishop ɗin Roma tana San Giovanni in Laterano ba ne. Santa Maria Maggiore, kusa da Termini, babbar tashar jirgin ƙasa, nan aka binne Fafaroma Francis a Afrilun 2025. San Luigi dei Francesi kuma tana da zane uku na Caravaggio a wata kusurwa mai duhu. Sai ka jefa tsabar kuɗi a wani akwati fitila ta kama na ɗan lokaci, jama'a su yi caa a wurin, ta mutu, kowa ya tsaya jiran wani ya jefa.

Dandalin fa? Me ake yi a can?

Zama da kallo, sai dai ba ko'ina ake zama ba. Tun 2019 an hana zama a kan shahararriyar matakalar da ake kira ta Sifaniya, 'yan sanda na busa usur su tashe ka, kuma akwai tara. Haka tsoma ƙafa a maɓuɓɓugan ado ko cin abinci a jikinsu.

Dandalin Navona dogo ne mai lanƙwasa a kai ɗaya, domin a kan filin tseren Sarki Domishiyan aka gina shi, gidajen suka bi sawun kujerun 'yan kallo. A tsakiyarsa akwai maɓuɓɓugar koguna huɗu ta mai sassaƙa Bernini, ta 1651: Nilu, Ganjis, Danub da Rio de la Plata. Nemi mutum-mutumin Nilu, za ka ga ya lulluɓe kansa da mayafi, saboda a lokacin Turawa ba su san mafarin kogin ba.

Maɓuɓɓugar Trevi an kammala ta a 1762, kuma ruwanta yana zuwa ta hanyar ruwan da Agrippa ya gina a shekara ta 19 kafin haihuwar Annabi Isa. Camfin 'yan yawo shi ne wanda ya jefa kuɗi ta bayan kafaɗa zai dawo Roma. Abin da ake tarawa ya haura Yuro miliyan ɗaya a shekara, ana ba ƙungiyar agaji ta Caritas. Yanzu ana taƙaita yawan masu sauka bakin ruwan, kuma da rana wurin ba ya shiguwa. Je bayan asuba.

Campo de' Fiori kasuwa ce da safe, mashaya da dare. Mai iyali ya je da safe.

Akwai abin da ya shafi Afirka a garin?

Da yawa. Septimiyus Seberus mai ƙofar nan ta Forum haifaffen Leptis Magna ne a Libiya ta yau. Dogayen duwatsun nan masu tsini da ke tsakiyar dandali, takwas daga cikinsu na Fir'aunonin Masar ne, kuma mafi tsawo shi ne na Laterano da aka ɗauko daga Karnak. Na Aksum, wanda gwamnatin Mussolini ta kwaso daga Habasha a 1937, an mayar wa masu shi a 2005.

Wanda ya fi kusa da mu yana Castel Sant'Angelo, zagayayyen ginin da ke bakin kogi, wanda asalinsa kabarin Hadriyan ne kafin ya zama sansani da kurkuku. A nan aka tsare Alhasan al-Wazzan, haifaffen Garnaɗa da ya girma a Fas, bayan 'yan fashin teku sun kama shi a 1518. Fafaroma Leo na 10 ya yi masa baftisma a 1520, Turawa suka san shi da Leo Africanus. A Roma ya rubuta littafinsa na bayanin Afirka, ya kammala a 1526, inda ya ambaci Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Zamfara da Agadas. Masana tarihi na jayayya kan ko da ƙafarsa ya taka ƙasar Hausa ko labari ya ji, amma ta littafinsa Turawa suka daɗe suna sanin sunayen garuruwan nan.

A ina zan yi sallah?

Babban masallacin Roma yana arewacin gari, a gindin tudun Monte Antenne. An buɗe shi a 1995, Saudiyya ce ta ɗauki mafi yawan kuɗin ginin, kuma yana cikin mafi girma a Turai. Ginshiƙansa sun buɗe a sama kamar bishiyoyi, shi kansa abin zuwa gani ne. Da ɗan nisa daga wuraren tarihi: ana hawa jirgin ƙasa daga Piazzale Flaminio a sauka a Campi Sportivi. Don sallolin yini, akwai ƙananan masallatai a unguwar Esquilino kusa da Termini. Tambayi masu shagunan da ke wajen, da yawansu 'yan Bangaladash ne. Fita da alwala daga otal yana rage wahala.

Abinci fa? Me zan kiyaye?

Uku daga cikin shahararrun taliyar garin, carbonara da amatriciana da gricia, da naman kumatun alade ake yinsu, wanda suke kira guanciale. Riƙe kalmomin nan don karanta jerin abinci: maiale alade ne, prosciutto da pancetta da salsiccia duk nasa ne, strutto kuma kitsensa, wanda ke shiga wasu burodi da kayan fulawa. Cacio e pepe taliya ce da cuku da masoro, babu nama. Pizza kuwa a Roma ana yanka ta a auna a sikeli, sai ka nuna mai tumatir ko dankali. Wasu nau'o'in askirim da kayan zaƙi suna da giya, a tambaya.

Naman halal yana samuwa a kewayen Piazza Vittorio, kuma kasuwar Esquilino tana da doya, kuɓewa da attarugu ga wanda kewar miyar gida ta kama. A guji gidajen abincin da ke fuskantar manyan wuraren tarihi, masu hotunan abinci a ƙofa da mai kiran mutane. Lungu biyu a baya, farashi ya sauka abinci ya gyaru. Kofi a tsaye a kanta ya fi arha a kan na zaune a tebur.

Sai na riƙa sayen ruwa?

A'a. Garin cike yake da famfunan ƙarfe da ake kira nasoni, fiye da 2,000, suna zuba dare da rana, ruwan sanyi mai kyau. Idan ka toshe bakin famfon da yatsa, ruwan zai fito ta wani ɗan rami a sama ya yi tsiri, ka sha ba ko kofi. Riƙe gora kawai. Bayan gida na jama'a ne ke da wuya, don haka yi amfani da na gidan tarihi ko na shagon kofi kafin ka fita. A otal kuwa, kusan kowane banɗaki a Italiya yana da wurin tsarki da ruwa a gefen masai.

Yaya zirga-zirga take?

Daga filin jirgin Fiumicino, jirgin ƙasa na Leonardo Express yana kai wa Termini cikin minti 32. Tasi na hukuma farare ne, suna da ƙayyadadden farashi zuwa cikin tsohuwar ganuwar birnin. Kada ka bi mai tare ka a cikin zauren fita. Layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa uku ne kacal, domin duk inda aka haƙa sai an ci karo da kufai aiki ya tsaya. Idan tikitin takarda ka saya, buga shi a inji da zarar ka hau bas, in ba haka ba tara ce. Sauran duk ƙafa ce, a kan baƙaƙen duwatsun daɓe masu santsi idan an yi ruwa. Rufaffen takalmi mai laushi da ka riga ka saba da shi. Silifas da sabon takalmin fata ba za su kai ka la'asar ba.

Akwai tsaro?

Fashi da makami ba shi ne matsalar ba, 'yan sane ne. Sun fi yawa a Termini, cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, bas mai lamba 64 da ke zuwa Batikan, da cunkoson Trevi. Aljihun gefe na kaftani a buɗe yake, kada waya ko walat su zauna a ciki. Akwai kuma masu ɗaura wa mutum zare a hannu su ce kyauta ne, da masu tambayar ƙasarka cikin fara'a su kira ka ɗan'uwa, ƙarshenta a nemi kuɗi. Amsa gaisuwa, hannunka a jikinka, ka wuce.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Afrilu zuwa Mayu, ko Oktoba. Yuli da Agusta zafi kan wuce digiri 35, kuma kada ka ce ai ka saba da rana: Forum ba shi da inuwa, kuma yini za ka yi kana tafiya a kan dutse. Wajen 15 ga Agusta mutanen gari kan tafi hutu, shaguna da dama su rufe. Makon Ista akwai cunkoso. Lokacin sanyi layi gajere ne, otal na da sauƙi, amma rana na faɗuwa da wuri kuma wuraren kufai na rufewa tun kafin magariba.

Wace biza ake nema?

Bizar Shengen ta gajeren zama, wadda ke ba da damar kwana 90 cikin 180. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, kuma ba a mayarwa idan an hana. Ana neman shaidar masauki, tikitin dawowa, bayanan asusun banki, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Italiya na da ofishin jakadanci a Abuja da Yamai, da ƙaramin ofishi a Legas. Samun ranar miƙa takardu shi ne ke cin lokaci, don haka a fara nema watanni kafin tafiya, kuma kada a sayi tikitin Kolosiyom mai suna da rana sai bizar ta fito.